Amsa ga Malamin da Ya Ce Mun Bar wa Google Aji

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Tambayar da ka jefo a zauren malaman jinya na Facebook, har da ambaton sunana, ta iso. Ka ce mu da muke tura ɗalibai bincike a intanet, koyarwa muke yi ko albashi muke ci Google na yi mana aikin? Ka ƙara da cewa waya ba ta taɓa koya wa kowa sa kanula (bututun ƙarin ruwa a jijiya) ba. Ta biyun ba sai an ja ta ba: babu wanda ya ce ta koya, babu kuma wanda ya rage wa ɗaliba awa ɗaya a ɗakin gwaji ko a bakin gadon majinyaci. Zancen cin albashin banza shi ne da zafi, musamman daga bakin wanda da yawanmu muka zauna a gabansa.

Abin da kake wa dariyar yana da suna da tsari. Bernie Dodge na Jami'ar Jihar San Diego a Amurka ya fito da shi a 1995 tare da Tom March, suka kira shi WebQuest. Ba a cewa ɗalibi "je ka nemo". Malami ne ke rubuta matsalar, ya zaɓi shafukan da za a karanta, ya jera matakai, ya miƙa jadawalin maki tun kafin a fara.

Ga misali. Yaro ɗan wata 14, nauyinsa kilo 10, kwana biyu yana gudawa, idanu sun zurma, yana ta rigima, yana shan ruwa da haɗama, in an mintsini fatar cikinsa tana komawa a hankali. Ɗalibai huɗu-huɗu, shafuka biyar kacal, cikinsu har da jagorar IMCI (ta kula da cututtukan ƙananan yara) ta Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO. Ɗaya ta tantance matakin bushewar jiki, ɗaya ta yi lissafi, ɗaya ta kawo hujja da lambar shafi, ta huɗu ta tsara abin da za a gaya wa uwa da Hausar da za ta gane. Amsar da ake jira: matsakaicin rashin ruwa, tsarin B na jagorar, ORS (ruwan gishiri da sukari) mililita 75 kan kowane kilo, wato 750 cikin awa 4. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba sannu-sannu. Sai zinc miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14. A zama na biyu malami ya sauya abu ɗaya: ƙafafun yaron biyu a kumbure. Ƙungiyar da ta maimaita 750 ta faɗi, domin kumburin alamar tamowa mai tsanani ce, mai ita kuwa ReSoMal (haɗin ruwan sha na musamman ga masu tamowa) ake ba shi a hankali, kuma mintsinin fata yana yaudara a jikinsa. Google ba ya ɗana wannan tarkon, Malam. Mutum ne ke zama ya ɗana shi.

Inda abin ke lalacewa mun san shi fiye da mai hango mu daga nesa. In aka saki ɗalibai ba jerin shafuka, sai su kwaso tsohon haɗin ORS na kafin wanda aka rage wa gishiri da sukari, ko rubutun da ya girmi sanarwar WHO da UNICEF ta 2004 wadda ta shigo da zinc. Adireshin shafi yana mutuwa, don haka daren jajibirin darasi sai an buɗe kowanne an sauke shi a ajiye. In ba a raba aiki ba, mai waya mai kyau ce za ta yi komai sauran su sa hannu. In tambayar mai amsa ɗaya ce a fili, ChatGPT zai rubuta musu ita cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa ake tsayar da kowace ta kare lissafinta da baki.

To, wane ne ya fi hutawa: mai wannan hidima, ko mai karanto takardun darasin da tawadarsu ta koɗe tun kafin a haifi ɗaliban, ana kuma sayar musu a ƙofar aji? Ban kira suna ba. Sai dai na lura duk ranar da ɗalibi ya iya buɗe jagora kyauta a wayarsa, cinikin wasu ke raguwa, muryarsu kuma na ƙaruwa.

Da tambayarka ta nufi inda ya dace, da na sa hannu a ƙarƙashinta. Makarantun jinya nawa ne ɗakin kwamfutarsu ke kulle sai ranar da masu duba makaranta daga Majalisar Jinya da Ungozoma za su zo? Ɗaliba ce ke sayen data daga kuɗin abincinta, malami ke cajin kwamfutarsa a shagon mai janareta. Kana cikin waɗanda ake jin maganarsu a ofisoshin da ake raba kasafi. Ka tambaye su a fili, da sunayensu, kamar yadda ka yi mini.

Wassalam,
Ƙaninka a koyarwa