Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Ilimi Kan Ma'aikatan Laburare da 'Yancin Samun Bayanai

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a matsayina na wanda ya yi aiki a laburaren jama'a har ya yi ritaya, kasancewar Laburaren Ƙasa yana ƙarƙashin ma'aikatarka.

Tun a watan Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba kowa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ɗibar wa hukumar kwana bakwai ta ba da amsa. Sai dai talaka bai san ta inda zai fara ba, kuma sau da yawa ma'aikacin laburare ne ke kama hannunsa.

Ba na mantawa da wani matashi mai aika wa gidan rediyo mai zaman kansa rahoto, wanda ya zo neman adadin kuɗin da aka ware wa asibitin ƙauyensu. Abokiyar aikina ta zaunar da shi, suka rubuta wasiƙar neman bayani tare, ta ja kunnensa kada ya baro ofishin sai an buga wa kwafinsa hatimi da kwanan wata. Ba a yi nisa ba takardar neman ba'asi ta iso teburinta, wai ta shiga sharo ba shanu. Ita ce kuma take sayen wata jarida da kuɗin aljihunta bayan an yi mana umarni da baki cewa a daina kawo ta.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne a fitar da umarni a rubuce da zai kare irin waɗannan ma'aikata. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa gwamnatin tarayya ajiye kwafi 25 na duk abin da ta wallafa, jihohi kuma kwafi 10. A tsaya a kan wannan, a kai kasafin kuɗi da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi kowane reshe, tare da taƙaitaccen bayani da Hausa da sauran harsunanmu.

Haka nan a ware kuɗin adana jaridu, har da masu sukar gwamnati. Masu bincike suna karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a 1939, saboda an sami waɗanda suka ɗinke ta suka tsare ta daga gara, alhali jaridar intanet ta yau, ranar da shafinta ya rufe, rahotanninta sun tafi ke nan. Ginin hedikwatar Laburaren Ƙasa da ke Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa tun 2006, ya kamata a tanadi sashen wannan aiki a cikinsa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin laburare, Kano