Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan magen da ta ƙi abinci

Tudun Wada, Kaduna.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya ke da maigidanki, kuma kun fara sabawa da zaman Barnawa, dalilin rubuto miki wannan wasiƙa shi ne labarin da mahaifiyarki ta ba ni jiya bayan sallar isha'i. Ta ce magen da kika tafi da ita ta ɗauki tsirfa, sai ta zo ta sunsuna abinci ta juya baya, in ba kifin gwangwani aka buɗe mata ba. Ta kuma ce kin yanke shawarar barin ta da yunwa kwana biyu ko uku, wai in ta ji uwar bari za ta ci abin da aka ba ta. Wannan shawara ce ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zaɓi in rubuto maimakon in kira ki a waya, domin takarda za ki iya ajiye ta ki sake dubawa a duk lokacin da kika so.

Uwata, kada ki yi wa mage horon yunwa. Ina faɗa miki haka ne domin ni da kaina na taɓa yi, kuma har yau ina nadama. Kina ƙarama muna da wani jan muzuru mai ƙiba, wataƙila kina iya tuna shi kwance a kan dakalin zaure. Ya fara ƙin abinci, na ce iyayi ne, na hana kowa a gidan ya canza masa wani abu. Sai da ya yi kwanaki ba ya ci sannan na lura farin idonsa da cikin kunnensa sun koma rawaya kamar mai ciwon shawara. Likitan dabbobin da na kai shi wurinsa ya buɗe bakinsa ya nuna mini haƙori ruɓaɓɓe da dasashi a kumbure, ashe yunwa yake ji, ciwo ne ya hana shi taunawa. Ya bayyana mini cewa idan mage ta daina ci, jikinta yakan kwaso kitsen da ya tara ya tura wa hanta domin ta sarrafa, hantar mage kuwa ba ta iya ɗaukar wannan nauyi da yawa lokaci guda, sai kitsen ya taru a cikinta har ta kasa aiki. 'Yan kwanaki kaɗan sun isa wannan ya fara, kuma mai ƙiba ta fi shiga haɗarin. Muzurun bai tashi ba. Tun daga ranar na riƙe ƙa'idar da likitan ya ba ni, wato duk magen da ta yi awa 24 ba ta sa komai a baki ba, a kai ta asibiti, 'yar jaririya kuwa ba a ma jira haka. Kin kuma san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Na san niyyarki ba irin tata ba ce, amma magen da ke cikin gida mai katanga da ƙofa a rufe ba ta da wata madogara sai ke.

Saboda haka kafin ki kira abin tsirfa, ki tabbatar ba ciwo ba ne. Ki fara da bakinta. Babbar mage tana da haƙora 30, kuma ciwon haƙori da na dasashi ya yi yawa a cikin waɗanda suka fara manyanta, taki kuwa ta doshi shekara takwas. Ki zauna ki kalle ta lokacin da take ci: idan tana zuwa wurin faranti da ɗoki sannan ta ja da baya, ko tana tauna da gefe ɗaya, ko abinci yana faɗowa daga bakinta, ko yawu yana dalala, ko bakin yana wari fiye da da, to ciwo ne. Daga nan ki duba hancinta. Mage da hanci take fara cin abinci, abin da ba ta ji ƙamshinsa ba da wuya ta taɓa shi, ga shi kuma muna tsakiyar hunturu, ƙura ta lulluɓe garin nan. Idan tana atishawa, ko majina ta toshe mata hanci, ko idonta yana ruwa, ki riƙa goge mata da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi kafin ki ba ta abinci, ki kuma nuna wa likita. Ki lura da shan ruwanta da fitsarinta, domin yawan shan ruwa da yawan fitsari tare da rama suna daga alamun ciwon ƙoda a wurin tsohuwar mage. Amai, zawo, da tsutsar ciki duk suna kashe sha'awar ci. Ki tambayi maigidanki ko an zuba maganin ɓera a gidan ko a maƙwabta, domin magen da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya cutuwa.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai ƙwarai: komai ciwon da kika ga tana yi, kada ki ba ta farasitamol, ko da ɓarin ƙwaya ne. Mu yana sauƙaƙa mana zazzaɓi, ita kuwa hantarta ba ta iya sarrafa shi, yana lalata mata jini ya kashe ta. Duk wani maganin mutane ki bar shi sai da izinin likita. Akwai likitocin dabbobi a cikin garin nan, idan kuma abin ya kai ga gwajin jini ko hoto da ba su da kayansa, asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Zariya, ba wani nisa ba ne.

Idan likita ya ce lafiyarta ƙalau, to sai ki tuna cewa ba ke kaɗai ce amarya a gidan nan ba. Mage dabba ce mai son wurin da ta saba, an ɗauke ta daga gidan da ta san kowane lungu, an kai ta inda fenti yake wari, janareto yana ƙara, baƙi 'yan ganin ɗaki suna shiga suna fita. Ki nema mata kusurwa mai shiru inda ba a yawan wucewa ki ajiye farantinta, nesa da yashin da take bayan gida a ciki, ruwan shanta ma ki ɗan raba shi da abincin. Farantin ya zama mai faɗi marar zurfi, na tangaran ko na silba, domin roba tana riƙe warin tsohon abinci, kuma ki ɗauraye shi sosai har ƙamshin sabulu ya fita. Yana yiwuwa kuma tana ci a wani wuri, ko maƙwabta suna ba ta, ko tana farauta da dare. Ki ɗauke ta ki hau sikeli, ki sauke ta ki sake hawa, ki rubuta bambancin duk mako. Idan nauyinta bai ragu ba, hankalinki ya ɗan kwanta.

Yanzu sai batun kifin gwangwani, kuma a nan zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi miki daɗi ba: da hannunki a ciki. Ranar farko da ta ƙi abinci kika ji tausayi kika buɗe mata sadin, rana ta biyu ma haka, sai ta gane cewa juya baya yana kawo abin da ya fi daɗi. Gyaran wannan yana buƙatar haƙuri da tsari. Ki tsayar mata da lokaci, sau biyu ko uku a rana, ki zuba kaɗan, ki bar shi kamar minti 20 zuwa 30, sannan ki ɗauke. Da farko ki sa kifin da take so ya fi yawa, ki cuɗa shi da ɗan abincin da kike so ta koma ci, ki cuɗa sosai yadda ba za ta iya tsince wani ta bar wani ba. Kullum ki rage wannan ki ƙara wancan, har kwana 7 zuwa 10. Idan ta tirje, ki koma ma'aunin jiya ki tsaya a kai kwana biyu. Bambancin wannan da horon yunwa shi ne, a nan rana ba za ta faɗi ba tare da ta ci wani abu ba. Kada ki ba ta abinci da sanyinsa daga firiji, ki ɗumama shi ya kai kamar ɗumin jikinta, wajen digiri 38, domin ɗumi yana tayar da ƙamshi. Ɗan romon kaza da aka dafa ba gishiri, ba magi, ba albasa, yana taimakawa ƙwarai idan aka yayyafa a kai.

Na ambaci albasa da gangan. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko garinsu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin mage, don haka ragowar miya, da tsire, da kilishi, da dambun nama duk ba nata ba ne, duk yadda ta kai ga kuka a gindin tabarma. Tuwo da shinkafa kuma ba sa riƙe ta, domin Allah ya halicce ta maciyiyar nama. Akwai wani sinadari da ake kira tawurin wanda jikinta ba ya iya samar da isasshe, sai daga nama take samunsa, rashinsa kuma yana taɓa ido da zuciya. Ko zaƙi ma harshenta ba ya jin sa, saboda haka idan ta ƙi abin da mu muke ganin daɗi ne, ba raini ba ne. Madara da muka taso muna gani ana ba kyanwa tana sa yawancin manyansu zawo. Kifi zalla kullum bai wadatar ba, na gwangwani kuma ga gishiri ga mai. Hanta a ba ta kaɗan, jefi-jefi, domin yawanta yana cutarwa, kuma ki cire ƙashin kaza da ƙayar kifi kafin ki miƙa mata.

Na san abincin mage na kanti ya yi tsada a wannan zamani. Idan za ki saya, ki duba wanda aka rubuta cewa cikakken abinci ne na mage, ba na kare ba, ki sayi ƙaramar leda ki riƙa ɗaure bakinta, domin idan ya sha iska ƙamshinsa yakan gushe ta ƙi shi. Idan kuma dafawa za ki riƙa yi, ƙundun kaza da zuciya da dafaffen ƙwai ba su kai tsoka tsada ba, sai dai ki tambayi likita abin da za ki ƙara domin ƙashinta. Da zafin Maris da Afrilu ya shigo, ki ƙara kula, jiƙaƙƙen abinci ba ya daɗewa a waje, balle idan an ɗauke wuta firiji ya huce.

Ranar Asabar ƙaninki zai kawo miki tsohon bargon da take kwanciya a kai a ɗakin mahaifiyarki, ba a wanke shi ba da gangan domin ta ji ƙamshin gida, tare da farantinta na da da kwandon ɗaukarta. Idan kafin ranar kin ga ɗaya daga cikin alamun da na zayyana, kada ki jira shi, ki kira ni in zo da mota mu kai ta tare. Ki rubuta abin da ta ci kowace rana da yawansa, domin likita zai tambaya, ni ma ina so in gani.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Ki gaida maigidanki da mutanen gidansu. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya.

Wassalam,
Mahaifinki.