Wasiƙa Daga Agege

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya sanyin Katsina? Mu nan Ikko sai zufa da cunkoson motoci kamar yadda ka bar mu. Na ga kiranka har sau biyu ban ɗauka ba, ka yi haƙuri, ina asibiti ne. Kada hankalinka ya tashi, ba ni ne a kwance ba.

Ka tuna Baba mai shayi na bakin masallacinmu, wanda yake ba ka bashi sai ƙarshen wata? Tun bara ƙafafunsa ke kumbura, yana cewa tsayuwa ce. Rannan da asuba ya yanke jiki ya faɗi a gaban tebur. Daga ƙaramin asibitin unguwa aka tura mu LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, a can likita ya ce ƙodojinsa sun gaza, kuma hawan jini ne ya daɗe yana cin su bai sani ba. Yanzu sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, kuɗin zama ɗaya kuwa ya fi ƙarfin cinikin shayi.

Sai muka kafa gidauniya. Liman ya yi sanarwa bayan Juma'a, aka shimfiɗa darduma a ƙofa. Wallahi jama'a sun ba ni mamaki. Dillalan tumatur da albasa na kasuwar Mile 12 sun aiko da nasu, mahautan Oko-Oba sun yi karo-karo, har masu dako da ba su ajiye ba ba su ba wani ajiya ba. Bayarabiyar nan da ke kawo masa burodi ta kwance bakin zaninta ta zube abin da ke ciki, tana share hawaye. Ni aka ɗora wa riƙon littafi, duk mako ina karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, don ka san kuɗin jama'a wuta ne.

Da aka zo maganar ba Baba gudummawar jini kuwa, sai kowa ya sunkuyar da kai. Mutum zai ba ka dubu goma da murna, amma ka ce ya miƙa hannu a ɗiba, sai ya tuna yana da uzuri. Alhali abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba cikin kusan lita 5 da ke jikin babba, kuma jiki yana mayar da shi. Na ce bari in zama na farko don in kunyata matasa. Ashe ni zan ji kunya. Ma'aikaciyar ta ɗaura min abin awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Alhaji, yau ba za mu ɗibi naka ba." Na koma ranaku daban-daban, kullum awon yana sama da 140 bisa 90, wato ni ma hawan jini gare ni. Ni da ko ciwon kai ba na yi!

Yanzu ina shan ƙwaya ɗaya kowace safiya, an ce kada in daina don na ji garau. Uwargida ta rage gishiri da dunƙule a miya, ta koma daddawa. An ce gishirin yini gaba ɗaya kada ya wuce giram 5, wato kamar ƙaramin cokali guda, ka ga tsiren dare da yajinsa kaɗai ya kusa cinye rabon. Lemon kwalba na bar shi. Shayi dai na kasa, sukari kawai na rage. Bayan sallar asuba ina taka sayyada na rabin awa kafin danfo su cika titi da hayaƙi.

Daga cikin kuɗin mun sayi na'urar awon jini mun ajiye a masallaci, wata nas ta koya wa yara biyu amfani da ita. Ta kuma ja kunnen masu dako kan ƙwayoyin ciwon jiki da suke watsawa kullum ba ƙa'ida, ta ce suna lalata ƙoda. Ana ta muhawara ko a yi wa dattawa rajistar Ilera Eko, inshorar lafiyar jihar, wasu na cewa ina amfanin biyan kuɗi alhali lafiyarka ƙalau. Ni ina bayan a yi.

Baba yana tambayarka, ya ce har yanzu akwai sauran bashin shayi a kanka. In Allah ya hore, ka turo abin da ya sauwaƙa. Kuma kai da tumbinka, don Allah ka leƙa ko kemis ne a auna ka, ka faɗa min lambar da ta fito. In an samu mai zuwa da motar albasa, a haɗo min da daddawa da kuka.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Abokinka na Agege