Wasiƙa zuwa ga aminina game da tauraron Vela

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, shirun da ke tsakaninmu ya yi tsawo, kuma abin da ya sa na katse shi shi ne tsohuwar gardamarmu game da wurin da taurarin fulsa, wato ragowar taurarin da suka fashe masu juyawa da sauri waɗanda haskensu ke iso mana bugu-bugu, ke haifar da hasken gamma, nau'in haske mafi ƙarfi wanda ido ba ya gani, domin hujja ta ƙaru, kuma ba ɓangarenka ta ƙarfafa ba.

A shekarar 2023 masu aiki da na'urorin H.E.S.S. da ke ƙasar Namibiya suka sanar cewa sun kama hasken gamma daga fulsar Vela wanda ƙarfinsa ya kai elektron-bolt (ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske) tiriliyan 20, wato ya ninka na hasken da ido ke gani kusan sau tiriliyan 10. Na'urorin ba sa ganin hasken gamma ɗin kansa. Abin da madubansu ke kamawa shi ne wani ɗan walƙiya mai launin shuɗi da ke bayyana a sama idan ƙwayar hasken ta bugi iskar duniya, kuma yana ɓacewa tun kafin ido ya yi niyyar ƙiftawa. Da aka jera lokutan da waɗannan walƙiyoyi suka zo, sai aka ga sun dace da juyin tauraron, wanda yake juyawa sau 11 a kowace daƙiƙa. Wannan ne ya tabbatar da cewa daga fulsar suke, ba daga gajimaren gas da ƙwayoyi da ke kewaye da ita a sararin samaniya ba.

Ka tuna yadda ka dage cewa komai yana faruwa ne a dab da ƙuryoyin maganaɗisun tauraron, wato kawunansa biyu na arewa da kudu, har ka cika allo da lissafin da tsohon malaminmu ya goge ba tare da ya karanta ba? Matsalar ra'ayin nan tana nan inda take. Fulsa tauraron nutron ce, wato dunƙulalliyar zuciyar tauraron da ya fashe. Irin wannan tauraro faɗinsa kusan kilomita 20 ne, amma ya fi rana nauyi, kuma maganaɗisunsa ya ninka na duniya sau kusan tiriliyan. A irin wannan wuri, ƙwayar hasken gamma mai ƙarfi ba ta iya kuɓuta, domin maganaɗisun yana mayar da ita elektron da fozitron (ƙwayar da ke ɗauke da lantarki da kishiyarta) tun ba ta yi nisa ba. Tun bayan da aka harba tauraron ɗan'adam na Fermi a 2008, wanda ya gano fulsa kusan 300 masu fitar da hasken gamma, yawancin masana suka karkata ga cewa daga nesa da jikin tauraron hasken yake fitowa.

Inda hankalina ya tsaya shi ne iyakar nan da duk abin da ke juyawa tare da tauraron sai ya yi gudun haske kafin ya iya binsa, wadda a Vela take da nisan kilomita 4,000 da ɗoriya. A cikin iyakar, zaruruwan maganaɗisun suna lanƙwashe, kuma elektron da ke binsu yana zubar da ƙarfinsa a matsayin haske kusan da saurin da yake samunsa. A bayanta kuwa zaruruwan suna buɗewa, masu fuskantar gaba da masu fuskantar baya su haɗu a wani siririn shimfiɗi, su tsinke su sake ƙulluwa, ƙarfin da ke cikinsu ya wurga ƙwayoyin kamar dutse daga majajjawa. Ana kyautata zaton irin waɗannan elektron ne suke bugun ƙwayoyin haske masu rauni su ɗaga su zuwa tiriliyoyi. A ganina wannan bayani ya fi sauran zama, ko da yake masanan H.E.S.S. da kansu sun ce sakamakon ya ƙalubalanci bayanan da ake da su.

Kada ka fusata, ƙuryoyinka ba su rasa aiki ba, tunda har yanzu ana ganin su ne ke samar da tarin elektron da fozitron da ke cika kewayen tauraron. Ka riƙe wannan ka lallashi kanka da shi.

Wataƙila kuma labarin gajimaren Ƙaguwa ya iso maka, ragowar tauraron da masanan Sin suka rubuta fashewarsa a 1054. A 2021 cibiyar LHAASO da ke lardin Sichuan ta ba da rahoton ƙwayar haske daga can mai ƙarfin da ya haura elektron-bolt tiriliyan 1,000, alhali babbar na'urar CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, mai zagayen kilomita 27 ba ta kai furoton (ƙwayar da ke cikin zuciyar zarra) ga tiriliyan 7 ba. Iskar ƙwayoyin da fulsar da ke tsakiyar gajimaren ke fesawa ce take yin wannan aiki a inda ta yi karo da gajimaren.

Ka rubuto mini yadda za ka fitar da tiriliyan 20 daga ƙuryoyin Vela, da lissafi cikakke wannan karon. Ka gaida mutanen gida.

Naka amini.