Abin da Ya Raba Arzikin 'Yan Asalin Yugoslabiya da na Indonesiya a Ƙasashen Baƙunta

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ra'ayi da ya samu gindin zama a majalisunmu na Zariya, har ma a bakin wasu masu ilimi, wato cewa akwai al'ummar da aka halitta da ƙashin arziki, akwai kuma wadda tsiya take bi duk inda ta sa ƙafa. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da alƙaluman ƙidayar jama'a na Turai da Amurka, inda ake jera mutane bisa asalin kakanninsu, a nuna abin da suke samu a shekara, da zurfin karatunsu, da yawan waɗanda suka mallaki gidan kansu. Na zaɓi in yi bayani da al'ummu biyu da ba wanda zai ce ina da dangi a cikinsu, wato 'yan asalin tsohuwar Yugoslabiya da 'yan asalin Indonesiya, domin tarihinsu ya nuna ƙarara cewa ƙofar da baƙo ya shigo ta ita, da irin takardar da aka miƙa masa ranar da ya sauka, su ne suka fi yin tasiri a kan makomar 'ya'yansa da jikokinsa.

Ƙasashen biyu ba baƙinmu ba ne. A birnin Bandung na Indonesiya aka yi taron ƙasashen Asiya da Afirka a watan Afrilun 1955, kuma a Belgrade, babban birnin Yugoslabiya, aka yi taron farko na Ƙungiyar 'Yan-ba-ruwanmu a 1961, inda Tito shugaban Yugoslabiya da Sukarno shugaban Indonesiya suke cikin jagorori. Kamfanin Energoprojekt na Yugoslabiya ne ya gina filin baje-kolin ƙasa da ƙasa na Legas wanda aka buɗe a 1977, taliyar Indomie kuwa da yaranmu suke ci safe da yamma asalinta daga Indonesiya ne.

Matsala ta farko tana cikin sunan da ake tara mutanen a ƙarƙashinsa. An kafa ƙasar da ta zama Yugoslabiya a 1918, aka sa mata wannan suna a 1929, ta kuma fara wargajewa a 1991. A zamanin Tito jamhuriyoyi shida ne a cikinta, kuma gab da rushewarta abin da mutumin Sulobeniya yake samu ya ninka na mutumin Kosobo sau bakwai ko fiye. A Amurka, wanda ya rubuta cewa asalinsa Yugoslabiya yana iya zama jikan leburan da ya shiga masana'antar ƙarfe ta Pittsburgh ko Cleveland kafin 1914, lokacin da babu ma ƙasar, yana iya kuma zama wanda ya tsere daga yaƙin Bosniya da jaka ɗaya a hannu. Indonesiya kuwa tsibirai ne fiye da 17,000, da mutane sama da miliyan 270, da harsuna fiye da 700. Duk wanda ya haɗa waɗannan mutane ya fitar da lamba guda ya ce ga halin al'ummar, ya ɓoye abin da ya fi wanda ya nuna yawa.

Ƙasar Holan ce ta fi dacewa a duba, domin ita ta yi wa Indonesiya mulkin mallaka, kuma a cikinta ake ganin yadda mutane daga ƙasa ɗaya suka rabu gida biyu. Bayan Sukarno da abokin gwagwarmayarsa Hatta sun ayyana 'yancin kai a ranar 17 ga Agustan 1945, kuma Holan ta miƙa mulki a Disambar 1949, mutane kimanin 300,000 sun ƙaura zuwa Holan cikin shekaru ashirin da suka biyo baya, akasarinsu ruwa-biyu ne da ake kira Indo, waɗanda suka haɗa jini da Turawa. Ba a yi musu shimfiɗar fuska yadda ya kamata ba. An zuba su a gidajen kwana na haya, an bi su bashin kuɗin tufafi da kayan ɗaki, an kuma rage darajar takardun karatun da yawa daga cikinsu, har wanda yake babban akawu a can ya dawo ƙaramin ma'aikaci. Amma suna riƙe da abubuwa uku: takardar zama ɗan ƙasa, da harshen Holan da suka tashi da shi a makaranta, da izinin neman aiki a lokacin da masana'antun ƙasar suke bunƙasa suna neman hannu. An kuma warwatsa su cikin garuruwa, 'ya'yansu suka shiga aji ɗaya da 'ya'yan 'yan ƙasa, kuma kafin a daɗe jikokinsu suka saje da sauran jama'a a karatu da aiki.

Sai a dubi mutanen tsibiran Maluku na gabashin Indonesiya. A 1951 aka kwaso kimanin mutum 12,500, sojojin rundunar mulkin mallaka ta Holan da iyalansu, mutanen da suka yi wa sarauniyar Holan yaƙi da amana, mafi yawansu Kirista, da Musulmi kaɗan. Suna sauka aka miƙa musu takardar sallama daga soja. An ce zaman nasu na ɗan lokaci ne, su ma abin da suka ɗauka ke nan, domin suna jiran komawa jamhuriyar Maluku ta Kudu da aka ayyana a 1950, wadda ba ta ɗore ba. Saboda wannan zato na wucin gadi aka ajiye su a sansanoni nesa da gari, ciki har da Westerbork da Vught, waɗanda 'yan Nazi suka tsare mutane a cikinsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ana dafa musu abinci a tukunya ɗaya, ana ba babba gilda uku na kuɗin Holan a mako, ba a kuma yi wani shiri na shigar da su kasuwar aiki ba. Da yawansu sun zauna ba su da ƙasa a takarda, sai a 1976 aka yi dokar da ta daidaita matsayinsu da na 'yan ƙasa a yawancin al'amura. Abin da yake sosa mini rai a wannan labari shi ne halin uban da ya saba da kaki da girma, ya wayi gari yana zaune a bakin barikin katako ba aiki, 'ya'yansa suna kallonsa. Waɗannan 'ya'ya ne wasunsu suka yi garkuwa da jirgin ƙasa a Wijster a 1975 da kuma De Punt a 1977, aka yi asarar rayuka. Ba na kare wannan aika-aika, domin waɗanda aka kashe ba su da alhakin kowa, amma ruwa ba ya tsami banza. Sai a 1986 gwamnatin Firayim Minista Ruud Lubbers ta ƙulla yarjejeniya da shugabannin al'ummar, wadda ta ƙunshi samar da ayyuka dubu ɗaya da alawus ga tsofaffin sojojin, bayan an yi asarar shekaru talatin da biyar. Indo da mutanen Maluku daga ƙasa ɗaya suka fito, a tashoshin ruwa ɗaya suka sauka, amma a jadawalin ƙidaya ana iya haɗa su a layi guda.

Mutanen Yugoslabiya kuwa ta ƙofar ƙwadago suka fara shiga Yammacin Turai da yawa. Ƙasarsu ce kaɗai cikin ƙasashen gurguzu na Turai ta buɗe wa 'yan ƙasarta hanya su je ƙasashen jari-hujja neman aiki, ta kuma sa hannu a yarjejeniya da Jamus ta Yamma a 1968, da Holan a 1970. Sun zo da kwantiragi a hannu, da yawansu masu sana'ar walda da gini da gyaran inji ne, akwai kuma mata da dama a cikinsu da suka shiga masana'antu. Ko da Jamus ta rufe ɗaukar baƙin ma'aikata a 1973, dubban ɗaruruwa sun riga sun kafu. A Suwizalan kuwa da yawa, musamman mutanen Kosobo, an ɗauke su ne a matsayin ma'aikatan kaka, wata tara a shekara, ba tare da izinin kawo iyali ba, kuma 'ya'yansu sun daɗe suna biyan kuɗin wannan tsari a makaranta da wajen neman aiki.

Yaƙin Bosniya na 1992 zuwa 1995, wanda a cikinsa aka yi wa maza da samari Musulmi fiye da 8,000 kisan gilla a Srebrenica, ya kawo misalin da ya fi kowanne fitowa fili, domin mutane iri ɗaya ne suka watsu ƙasashe daban-daban a lokaci guda. Suwidin ta yanke shawara a watan Yunin 1993 ta ba kimanin mutum 40,000 izinin zama na dindindin, ta sa su makarantar koyon harshe, kuma ko da yake shekarun farko sun yi tsanani saboda tattalin arzikin ƙasar yana cikin matsi, yau ana kawo 'ya'yansu a matsayin misalin baƙin da suka yi nasara. Jamus ta karɓi fiye da kowace ƙasa a wajen tsohuwar Yugoslabiya, wajen mutum 350,000, abin da ya cancanci yabo, amma takardar da ta ba yawancinsu ta jinkirta kora ce kawai, ana sabunta ta bayan 'yan watanni, ga wahalar samun izinin aiki. Bayan yarjejeniyar Dayton da ta kawo ƙarshen yaƙin a 1995 aka matsa musu lamba, kuma kafin shekara ta 2000 mafi yawansu sun bar ƙasar. Wasu daga cikin waɗanda Jamus ta sallama Amurka ta ɗauka, kuma a birnin St. Louis 'yan Bosniya sun farfaɗo da unguwar Bevo Mill da ta fara mutuwa, suka buɗe gidajen burodi da kamfanonin manyan motocin dakon kaya.

Haka abin yake idan aka dubi 'yan Indonesiya a wasu wurare. Waɗanda suke Amurka sun haɗa da Indo da dokar Pastore da Walter ta 1958 ta buɗe wa ƙofa, da ɗaliban jami'a, da 'yan asalin Sin da suka gudu bayan tarzomar Jakarta ta watan Mayun 1998. Tsadar jirgi da wahalar biza sun riga sun tace su tun kafin su taso, saboda haka ba abin mamaki ba ne a samu masu digiri da yawa a cikinsu. Amma alhazanmu sun san wasu 'yan Indonesiyar daban, wato matan ƙauyukan Jawa da suke aikatau a gidajen Saudiyya ƙarƙashin tsarin kafala, inda zaman ma'aikaci yake rataye a hannun uban gidansa. Bayan an zartar wa wata 'yar aiki mai suna Ruyati hukuncin kisa a 2011 ba tare da an sanar da ƙasarta kafin lokacin ba, Indonesiya ta dakatar da tura 'yan aikin gida Saudiyya, ta kuma faɗaɗa hanin zuwa sauran ƙasashen yankin a 2015.

Ba ina cewa himma da tarbiyya da haɗin kai ba su da amfani ba. Leburorin Kuroshiya, yankin da daga baya ya shiga Yugoslabiya, da suke Pittsburgh sun kafa ƙungiyar taimakon juna tun 1894, wadda take tallafa wa iyalin wanda ya rasu ko ya ji rauni a bakin aiki, kuma tana nan har yau. 'Yan Indonesiya ma suna da adashinsu da suke kai shi duk ƙasar da suka je. Sai dai mutanen Maluku ba su gaza kowa a zumunci da riƙon juna ba, kuma wannan bai buɗe musu ƙofar masana'anta ba a lokacin da hukuma ta ɗauke su a matsayin masu wucewa.

Dalilin da ya sa na damu da wannan batu, Ya Edita, shi ne abin da yake faruwa a gabanmu. Zariya gari ne da ya san rabon unguwanni bisa asali tun zamanin Turawa, lokacin da aka ware Sabon Gari ga waɗanda jirgin ƙasa ya kawo daga Kudu, Tudun Wada kuma ga 'yan Arewa da ba 'yan Birni ba. Yanzu kuma ga bayin Allah da rikici ya koro daga Borno da Zamfara da Birnin Gwari da ƙauyukan Giwa, suna zaune a kangwaye da gidajen da ba a gama ginawa ba a gefen gari, kowa yana cewa za su koma idan ƙura ta lafa. Wasunsu sun shekara goma a haka, kuma yaran da aka goyo a baya sun girma ba su taɓa zama a aji ba. Idan aka yi ƙidaya nan da shekaru ashirin aka ga zuriyarsu a ƙasan jadawali, za a samu mai cewa halinsu ne.

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala kan waɗanda rikici ya raba da muhallansu tun 2012, kuma gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar a 2019 cewa ta soke bambanci tsakanin ɗan asali da mazauni. Ina kira ga ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da Giwa su yi rajistar waɗannan iyalai a matsayin mazauna, a karɓi 'ya'yansu a makarantun firamare da sakandare ba tare da neman takardar asalin ƙaramar hukuma ba, masu unguwanni da dagatai kuma su taimaka wajen ba su aron gonaki da rumfunan kasuwa. Ina kuma roƙon jaridarka ta tura wakili ya zaga unguwannin bayan gari, ya tambayi shugabannin makarantu yara nawa daga cikin waɗannan iyalai suke cikin rajistarsu, a buga amsar domin jama'a da hukuma su gani.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Daga Tudun Wada, Zariya.