Amsata ga Barista kan "round up": ban tozarta kowa ba

Barista, assalamu alaikum.

Na ga tambayar da ka yi mini a bainar jama'a a Facebook, ƙarƙashin darasin da na rubuta kan jimlar nan da ake yawan ji a tarukanmu: "Let me round up my speech." Ka ce wa ya ba ni ikon kiranta kuskure, alhali ƙamus ɗin Oxford ya karɓi Turancin Najeriya, ni kuwa ko Ingila ban taɓa takawa ba. Ka rufe da cewa irina bayin Turawa ne, masu neman suna ta hanyar tozarta manya. Kana da lambar wayata, ka san ƙofar gidana, ka kuma zauna a ajina kana yaro. Tunda ka zaɓi gaban jama'a, a gabansu zan amsa maka.

Zargin tozarta manya shi ne ya fi yi mini ciwo. Koma ka karanta darasin daga farko har ƙarshe, ka nuna mini inda na ambaci sunan mutum, ko muƙaminsa, ko taron da ya yi magana. Babu. Jimla ce da shugabannin taro da masu gabatarwa da malamai ke faɗa kullum daga Sakkwato har Maiduguri. Kai ne ka ɗauko ta ka rataya wa maigidanka, saboda shi ma ya faɗe ta kwanan baya, kuma kana so a ga ka tsaya masa. Kafin ka yi magana ba wanda ya haɗa darasina da shi, yanzu kowa ya haɗa. Idan akwai wanda ya kunyata bawan Allahn nan, ba ni ba ne. Na tsufa da alli a hannu, ɗalibaina sun zama likitoci da alƙalai da lauyoyi irinka, kuma ba a taɓa jin na gyara wa babba magana a gaban mutane ba. Ba yanzu da furfura zan fara ba.

Ga abin da na koyar, kuma ina nan a kansa. A Turanci akwai aikatau da ke tafiya da 'yar ƙaramar kalma a bayansa, kuma wannan 'yar kalmar ce ke riƙe da ma'anar. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, domin tsakanin "saya" da "sayar" harafi ɗaya ne, amma ɗaya kuɗi ke fita daga aljihunka, ɗayan kuwa shigowa suke yi. Haka "round up" da "round off" suke.

"Round up" tattarawa ne, yawanci na abin da ya watsu ko wanda ba ya son a tara shi. Makiyayi da yamma: "He rounded up the cattle before dark," wato ya tattaro shanu kafin duhu. Malamin da ya kai yara yawon buɗe ido: "Round up the pupils, the bus is leaving." Sai kuma wanda ya fi kusa da aikinka: "The police rounded up the suspects," 'yan sanda sun yi kamen waɗanda ake zargi. Yana da ma'ana ta biyu a lissafi, wato cike adadi zuwa sama. Idan kuɗin kaya naira 4,870 ne aka mai da shi 5,000, an yi "round up"; idan 5,120 ne aka bar shi a 5,000, an yi "round down". Duk cikin waɗannan babu inda yake nufin kammala jawabi.

Mai son cewa zai kammala, "round off" yake nema: "We rounded off the meeting with a prayer," mun rufe taro da addu'a. Yana iya cewa "wrap up" ko "wind up", duk daidai ne, kuma a ganina daga nan ruɗanin ya samo asali, domin kunne ya saba jin "up" a ƙarshen waɗannan biyun, ga kuma "news round-up" da gidajen rediyo ke kiran taƙaitattun labarai. Ban ce mai yin kuskuren jahili ne ba. Na ce kuskure ne mai dalili, kuma gyaransa minti ɗaya ne.

Kai lauya ne, Barista. Da a ce wani rahoto ya zo gabanka yana cewa "The police rounded off the meeting with the traders," wani kuma ya ce "The police rounded up the traders," za ka ce duk ɗaya ne? A na farko 'yan kasuwa sun koma rumfunansu, a na biyu suna tsare, iyalansu na neman mai belinsu. Ka san wannan sarai, shi ya sa tambayarka ta ba ni takaici.

Akwai ma abin da ya fi kayar da yara a jarrabawa, wanda ba ka kula da shi ba a darasin: mazaunin karɓau, wato inda ake sa abin da aikin ya faɗa a kansa. Idan suna ne, yana iya zuwa kafin 'yar kalmar ko bayanta, "round up the goats" ko "round the goats up". Idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: "round them up". Yaron da ya rubuta "round up them" ya yi asarar maki, ko da ya gane ma'anar.

Batun Oxford kuwa, gaskiya ne a watan Janairun 2020 babban ƙamus ɗinsu ya shigar da kalmomi da maganganu 29 daga Turancin Najeriya, har da "Kannywood" da "okada" da "flag off" da "put to bed". Na yi murna, na kuma karanta wa ɗalibaina jerin a aji. Sai dai "round up" da ma'anar kammalawa ba ya cikin 29 ɗin nan. Rashin zuwana Ingila kuma ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Ƙamus ɗin da ke Landan shi ne a kan teburina.

Abin da ke damuna ya wuce ni da kai. Yaron makarantar gwamnati ba zai shiga jami'a ba sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci, a WAEC ko NECO, kuma Turanci dole ne ga duk mai zana jarrabawar JAMB. Mai duba takardarsa ba zai tambaye shi yadda ake faɗa a taron siyasa ba. Masu cewa a bar kowa ya yi Turancin da ya ga dama, ina 'ya'yansu suke karatu? Suna makarantun kuɗi, inda ake gyara musu kowace jimla tun daga firamare, wasu ma suna ƙasashen waje. Ɗan talaka ne kaɗai ake gaya wa cewa gyara bauta ce, shi da ke zaune a ajin da ya cika maƙil, ba littafi, ba ƙamus, malaminsa kuma na jiran albashi. Idan ya faɗi jarrabawa, ba ɗaya daga cikin masu yi masa wannan huɗuba da zai biya masa kuɗin sake zama. Ni na ga irin waɗannan yara suna maimaita shekara saboda Turanci kaɗai, sauran darussan duk sun ci. Saboda su nake rubuta darussan nan kyauta, ba don a san ni ba.

Ina ƙaunar Hausa fiye da kowane harshe, da ita nake koyar da Turancin ma. Wanda ya bayyana wa yaro ƙa'idar baƙon harshe da harshen uwarsa domin ya tsallake jarrabawa bai cancanci a kira shi bawan kowa ba, balle daga bakin wanda ya koya a hannunsa.

Buƙatata biyu ce. Ka kawo shafin ƙamus ɗin ɗalibai, na Oxford ko Longman ko Cambridge, inda aka fassara "round up" da kammala jawabi, mu duba tare a gaban waɗanda suka karanta tambayarka. Kalmar "bayin Turawa" kuma ka janye ta a inda ka rubuta ta, domin ba ni kaɗai ta taɓa ba, ta taɓa duk malamin Turanci da ke tsaye gaban allo a ƙasar nan. Darasin mako mai zuwa kan "put off" da "put out" ne, kuma zai fita ranar da ya saba fita.

Wassalam,
Malaminka na sakandare.