Ƙyallen Birijid a bakin taga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina aikin jinya a Kildare, ƙasar Ayalan, kuma na gaji da jin mutanenmu na cewa Turawa ba su da camfi. Wa ya faɗa?

A daren 31 ga Janairu, jajibirin ranar Waliyya Birijid, wata waliyyar Kiristocin Ayalan, na ga tsohuwar da nake haya a gidanta ta shimfiɗa ƙyalle a bakin taga. Na ce, "Mama, sanyi fa, shanya kike yi?" Ta yi dariya. Wai waliyyar tana wucewa cikin dare ta sa masa albarka, sai a adana shi don ciwon kai da na maƙogwaro. Ta kuma saƙa gicciye da ciyawar fadama ta rataye a saman ƙofa, maganin gobara. Nan take na tuno layar da kakata ke ratayewa a ɗakinta a Zariya.

Tun 2023 gwamnati ta mai da bikin Birijid ranar hutu. Ranar 31 ga Oktoba kuwa zobe suke ɓoyewa cikin burodi, wanda ya ci karo da shi aurensa ya kusa. Bara ni na samu, har yau shiru!

Taku mai karatu,
daga Kildare